Gidan da Teryo Ya Tsallake

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga bakin teku.

Ta iso, mu ji ta.

A ƙauyenmu na Lawis, kudu da birnin Cebu, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani ɗan dambe a bango ba, dab da hoton waliyyi, wani lokaci ma ya fi na waliyyin girma. Mu mutane ne masu son naushi da sanda tun kaka da kakanni. A cikin irin wannan gari Allah ya ajiye mana Teryo Abatayo mai aski.

Teryo gajere ne, da ɗan tumbinsa, da gashi mai yawa wanda yake shafewa da man kwakwa ya tayar da shi sama kamar zankon zakara. Yana saurayi ya taɓa zuwa Manila ya yi wata takwas, kuma shekara ashirin ke nan muna shan labarin wannan wata takwas ɗin. In ka zauna a kujerarsa, sai ya shafa maka kumfa, ya ɗauki reza, ya kira ka Pare, wato aboki, sannan ya fara.

"Pare, zakarun dambe uku na horar da hannun nan. Akwai wani naushi da na ƙirƙira da kaina, sunansa Guguwar Lawis. Ka ga, daga ƙugu yake tasowa, ya juyo haka..."

"Nong Teryo, don Allah ajiye rezar tukuna, sai ka nuna mini."

Matarsa Meding takan leƙo ta taga ta ce, "Guga ya riƙe a Manila. Gugan da 'yan dambe suke tofa yawu a ciki. Shi ma sau biyu ya kifar."

"Meding, riƙon guga ilmi ne! Daga can ƙasa ake ganin sirrin ƙafafun gwanaye."

A ƙofar shagon, ƙarƙashin mangwaro, wata tsohuwa take zama, Lola Iska, mai sayar da puto, wainar shinkafarmu da ake turarawa. Ta haura saba'in, tana dogara wata sandar ratan, mai kama da gora, da ta yi baƙi don daɗewa a hannu. Ita ce ninang ɗin Teryo, wato ita ta riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma. Saboda haka kowace safiya sai ya sunkuya ya ɗauki hannunta ya ɗora a goshinsa kafin ya buɗe shago. Ba ta cika magana ba. Abu ɗaya dai na lura da shi: ƙuda bai taɓa sauka a wainarta ya tashi da rai ba. Tsofaffi sukan ce mahaifinta gwanin eskrima ne, wasan sandar kakanninmu, amma wa yake jin tsofaffi in Teryo yana magana?

Ana saura kwana tara bikin San Roke, waliyyin ƙauyenmu, shugaban ƙauye Kapitan Insoy ya tara mu. Ya ce tsohuwar rumfar da ake ajiye busasshiyar kwakwa za ta zama gidan koyon faɗa. Ranar biki za a kara da maƙwabtanmu 'yan Tangke, kuma duk ɗan Lawis da ya nuna a fili cewa ya fi kowa, shi za a ba wa makullin rumfa, a riƙa kiransa Maestro, wato babban malami.

Kafin rana ta faɗi Teryo ya sa an rubuta allo da jan fenti: MAESTRO TERYO, MAI GUGUWAR LAWIS. Ya kafa shi a ƙofar rumfar da ƙusa shida, ya dawo ya garƙame shagon aski.

Meding ta riƙe ƙugu. "A makon biki? Makon da kowa yake aski?"

"Maestro ba ya taɓa kan mutane sai da naushi."

"To Maestro zai ci allo, don ban ga abin da zan dafa ba."

"Madalla. Da ma ba ci zan yi ba."

Nan dabarar take. Teryo ya riga ya leƙa takardar 'yan Tangke, ya ga suna biyu. Na farko Baldo, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, mai ɗaukar buhun shinkafa biyu a kafaɗa yana cin rake. Na biyu Pidoy tela, a ajin marasa nauyi, kilo hamsin da bakwai, siriri kamar sandar kamun kifi, ga tari. Teryo ya rubuta sunansa a gaban na Pidoy. Da ya hau sikeli, allura ta tsaya a sittin da ɗaya. Kilo huɗu ne tsakaninsa da makulli.

Ranar farko ya naɗe jikinsa da buhunan leda tun daga wuya har idon sawu, ya fita gudu da tsakar rana ta kan kunyar gonakin shinkafa. Ledar tana ƙara, kacau-kacau. Baunar noma ta Pare Doming, wadda shekara goma ba a ga ta yi sauri ba, ta ɗaga kai ta ga wani abu mai ƙyalli yana nufo ta. Ta tsinke igiya. Mun ga Teryo ya yi gudun da ya kamata a rubuta a jarida, har ya ƙare a cikin taɓo, ƙafafu a sama.

"Nong Teryo, wannan ce Guguwar?"

"Horon ƙafa ne, jahilai! A Manila da mota ake korar mutum."

Rana ta uku ya ce gumi yake so na gaske, ya shige ɗakin da ake gasa kwakwa da hayaƙi, ya ja ƙofa. Bayan rabin awa masu aiki suka ji tari daga cikin kwakwa, suka jawo shi ta ƙafa. Ya fito baƙi ƙirin, yana ƙamshi kamar alewa. Kwana biyu karnukan Lawis suna bin sa a layi, tururuwa kuma ta bi shi har gado. Meding ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin girki.

Rana ta biyar ya ji an ce tofar da yawu yana rage nauyi. Ya riƙa yawo da kwalba, har cikin coci wajen addu'ar yamma. Jama'a su ce amin, shi ya ce tuf. Fada ya dakata, ya dube shi ta saman tabarau.

"Teryo, aljani kake kora?"

"Giram ɗari, Fada."

Duk wannan lokaci mazan ƙauye suna yawo da ƙeya buzu-buzu, suna tsine masa. Amma mu faɗi gaskiya, mutumin ya sha wuya. Ayaba ɗaya da safe, ruwan zafi da yamma. Ana gobe biki ya hau sikeli, idanu sun faɗa, wando yana zamewa, allura ta tsaya cak a hamsin da bakwai. Ya ruga wajen Kapitan.

"Kap, rubuta yanzu! Ga shaidu!"

"Awo gobe ne, ƙarfe uku na rana, a gaban jama'a. So kake 'yan Tangke su ce mun yi coge?"

To, kun san yadda ranar biki take a wajenmu. Kowace ƙofa a buɗe, kowane teburi a cike. In mai gida ya kira ka ka wuce, kun ɓata ke nan har bikin baɗi. In kuwa kai ne ninong ɗin ɗansa, wato uban baftisma, ko kira ba sai an yi ba, kujerarka tana jiran ka. Shi kuma Teryo bai taɓa ƙin a rubuta sunansa a takarda ba. Yara goma sha ɗaya ya riƙe a coci, a gida goma sha ɗaya, duk a layinmu. Gida na goma sha biyu, can ƙarshen layi, na Lola Iska ne.

Da safe Meding ta ba shi shawara. "Kwanta ka rufa, in ce zazzaɓi kake yi. Ƙarfe uku ka fito."

"Maestro ya ɓuya ranar biki? Jama'a suna son ganina."

Ya sa wata jar alkyabba da ya ɗinka da labulen ɗakinsu, ya gyara zanko, ya bi jerin gwanon waliyyi yana ɗaga wa mutane hannu, kai ka ce shi ake zagayawa da shi. Ana watsewa, Pare Doming mai bauna ya cafke hannunsa.

"Pare! Shigo mu ci."

"Pare, awo gare ni ƙarfe uku."

"Akuyar nan saboda kai na yanka ta. Baunata ta ba ka wuya, bari in wanke laifi."

"To, cokali ɗaya."

Cokalin Doming ludayi ne. Teryo ya fito yana share baki, sai ga Mare Pasing, uwar wata 'yar baftismarsa, a ƙofarta, hannu a ƙirji.

"Ka ci na Doming, nawa ne mai guba?"

"Mare, ba haka ba ne..."

"Bar shi kawai. Zan gaya wa 'yarka ninong ɗinta ya zama babban mutum."

Ya shiga. Taliya ce da kaza, an tula kamar za a ciyar da masunta shida. A gida na uku ya yi dabara, ya riƙa zura cinyoyin kaza a aljihun alkyabba. Karen gidan, wanda tun ranar hayaƙi yake ƙaunarsa, ya kama aljihun ya ja, kaza ta zube a gaban matar gida. Don a kashe maganar sai da ya cinye faranti biyu yana yabon gishiri.

A gida na biyar yana cewa kaɗan. A na shida ya daina cewa komai. A na bakwai yunwar kwana tara ta farka gaba ɗaya, ta ture Maestro gefe ta zauna a kujerarsa. Ni da idona na gan shi a gida na takwas yana miƙa faranti yana tambaya, "Mare, romon nan ya ƙare ne?" Ruwan kwakwa kuwa, bayan kwanaki yana tofar da na jikinsa, ya sha ya fi ƙwarya biyar.

Ƙarfe biyu da rabi ya fito daga gida na goma sha ɗaya, yana tafiya kamar mai ciki wata tara. Sai a lokacin hankalinsa ya dawo. Ya hango Lola Iska zaune a ƙofarta. Tun asuba ta tashi ta turara puto, ta dafa biko, shinkafa mai danƙo da sukari da madarar kwakwa, irin wadda Teryo yake kuka a ba shi tun yana yawo ba wando. Ta ajiye kujera ɗaya da faranti ɗaya a gefenta.

Teryo ya shafa ciki, ya dubi tukunyar, ya tuna makulli. Sai ya duƙa, ya bi ta bayan shingen ayaba da rarrafe. Ya manta da abu ɗaya. Jikinsa ya ɓuya, amma zankon yana tafe a saman shinge, yana ƙyalli a rana, tun daga farkon gidan har ƙarshensa.

Lola Iska ta bi zankon da ido har ya wuce. Ta rufe tukunyarta, ta ɗauki sandarta.

A filin ƙwallon kwando aka kafa dandalin dambe, katako a kan ganguna, igiyar jirgin ruwa a kewaye. Ƙauye biyu sun cika wurin, 'yan badujala suna busa. Sikelin na awon kwakwa ne, mai ƙugiya, an rataye shi a jikin ƙarfen kwando, sai mutum ya zauna cikin buhu a ɗaga shi. Pidoy tela ya shiga, ya yi tari, hamsin da biyar. Teryo ya shiga. Ƙarfen ya yi ƙara.

Kapitan ya matsa kusa ya karanta. "Sittin da biyu."

"Sikelin 'yan Tangke ne!"

"Na surukinka ne."

Ya tuɓe alkyabba. Ya cire takalma. Ya cire layar tagulla da ya ce harsashi ba ya ratsa mai ita. Wata cinyar kaza da ta maƙale a ƙugunsa ta faɗo, wani daga Tangke ya yi ihu, "A auna ta daban, ta kara da Pidoy!" Allura ta sauko sittin da ɗaya da rabi.

"Gashin ne," in ji Teryo daga cikin buhu. "Man kwakwa yana da nauyi."

Ban taɓa ganin Meding ta yi sauri irin na ranar ba. Ashe almakashin yana cikin jakarta. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, zankon shekara ashirin ya faɗi a siminti. Mazan da suka yi biki ba aski suka tafa kamar an ci ƙwallo. Kowa ya dubi allura. Ko motsi ba ta yi ba.

"To," in ji Kapitan, "ka haura aji. Baldo!"

Baldo ya miƙe, rana ta ɓace wa layi uku. Ya hau dandali, katako ya yi kuka. Mutumin kirki ne, ya sunkuyo ya ce, "Nong Teryo, kada ka damu, a hankali zan yi. Ta ina ka fi son faɗuwa?"

Teryo ya fito daga buhu, daga shi sai gajeren wando. Ya dubi hannun Baldo, ya dubi allonsa da ke can jikin rumfa. Bakinsa, wanda bai taɓa yashe shi ba, ya kawo masa ɗauki. Ya haye dandali ya ƙwace lasifika.

"Jama'ar Lawis! Jama'ar Tangke! Wai mu yaushe muka zama bayin sikeli? Damben safar hannu baƙo ne, Amurkawa suka kawo mana shi! Kakanninmu da sanda suka tare masu zuwa ta teku, kuma ba wanda ya tsaya ya auna su! Eskrima ita ce tamu! Ni Maestro ne na sanda kafin in zama na naushi. A ba ni sanda biyu! Duk wanda ya isa, daga kowane ƙauye, ya hau nan!"

Ya riga ya duba, babu ɗan Tangke ko ɗaya da ya zo da sanda. Aka ciro masa sanduna biyu daga tutocin biki. Ba wanda ya hau. Teryo ya fara murmushi, ya miƙa wa Kapitan hannu a ba shi makulli.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Jama'a suka dare. Lola Iska ce, da sandarta, da silifas ɗinta na roba. Baldo da kansa ya ɗaga mata igiya.

Teryo ya yi abin da ya saba tun yana yaro: ya sunkuya ya ɗauki hannunta ya ɗora a goshi.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Ɗaga sandarka."

"Ninang, ai ba zan iya dukan ki ba."

"Na sani. Amma ka gwada, na yafe."

Dariyar da aka yi ta shige masa kai. Ya ja da baya, ya yi ihu, "Guguwar Lawis!" Ya fara juyi, sanduna biyu suna kaɗawa, tumbi yana bin su a baya da kayan gida goma sha ɗaya. Tsohuwa ba ta ɗaga ƙafa ba. Wuyan hannunta kawai muka ga ya motsa. Ƙwal! a kan yatsunsa na dama, sanda ta tashi ta faɗa cikin bakin babban ƙahon 'yan badujala. Ƙwal! a na hagu, ɗayar ta dawo hannunta, ba wanda ya ga ta yaya. Wani tsoho a bayana ya fashe da kuka, yana cewa, "Hannun mahaifinta! Wallahi hannun mahaifinta!"

Sai ta jingine sandunan biyu a igiya, ta sunkuya a hankali, ta zare silifa ɗaya.

Duk namijin da uwa ta raina a ƙauyukan nan biyu ya ja da baya taki ɗaya. Har Baldo. Har Fada.

"Gida nawa ka shiga yau?" Fas! a kafaɗa.

"Goma sha ɗaya, Ninang!"

"Gida nawa ne a layin?" Fas! a ƙeya, inda babu sauran gashin da zai tare.

"Goma sha biyu!"

"Wa ya riƙe ka a coci kana tsala ihu, ka jiƙa mata rigar biki?" Fas!

"Ke ce, Ninang!"

"Na Doming ya fi nawa daɗi ne?" Fas!

"Awo ne, Ninang, awo!"

"To ga shi an auna ka."

Teryo ya nemi sulalewa ta ƙarƙashin igiya, cikinsa ya maƙale tsakanin igiya da katako. Nan ya tsaya, kai a waje, sauran a ciki, daidai inda silifa take so. Alƙalin wasa ya ƙirga har goma don dai a cika ƙa'ida, jama'a suna taya shi.

Kapitan Insoy ya hau yana share hawaye, ya miƙa wa Lola Iska makulli da hannu biyu. 'Yan Tangke ma suka tashi tsaye. Aka tambaye ta ko a ƙone allon.

"A'a, katako mai kyau ne. A kife shi, ina son teburin waina."

Sannan ta sa Baldo ya ɗauko tukunyarta daga gida, da kujerar nan, da farantin nan. Aka zaunar da Teryo a tsakiyar dandali, kai kamar gonar da fara ta ci. Ta zuba masa biko har ya yi tozo, ta tsaya a kansa, silifa a hannu. Ya ci a gaban ƙauye biyu, yana nishi, yana hawaye. Da ya kai loma ta ƙarshe ya ɗago ido.

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi, Ninang."

"Miƙo farantin."

Yau in ka bi ta tsohuwar rumfar kwakwa da la'asar, za ka ji ƙarar ratan tun daga bakin hanya. Almajiran Maestra Iska sun haura talatin, har da Pidoy tela, har da Baldo a layin baya. Teryo ya buɗe shagonsa, kuma da reza a hannu ba ya ƙara nuna wa kowa komai. Amma tsohuwa ba ta bar shi haka ba, ta ce mutumin da ya yi karatu a Manila bai kamata a yi asarar ilminsa ba. Ta ba shi aiki a rumfar. Shi yake riƙe guga.

Meding ta ce ya ƙware. Bana sau ɗaya kawai ya kifar.

Ƙurunƙus kan busasshen kifi. Wanda ya ce na ƙara gishiri, sikelin yana nan a rataye, ya zo ya shiga buhu.